Baƙar Kwalba da Madara

Duk shekara sai an turo mini biyu ko uku daga cikinku ku koyi aikin tafinta a asibitin awon ciki, kuma duk da magana ɗaya kuke shigowa: "Anti Hajara, ai ina jin Hausa, ina jin Turanci." Nakan ce madalla, ni ma ina da ƙafa biyu amma ban taɓa cin gasar gudu ba. Shekarata goma sha tara ina wannan aiki a nan Greensboro ta Amurka, har yanzu ranar da na shiga ɗakin awo ina jin na iya, ranar nake yin kuskure.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙaramin littafi, biro biyu don ɗaya zai mutu a daidai lokacin da likita take jero sunayen magani, katin shaida a wuya, gorar ruwa, da takalmi marar tsini, saboda tsayuwa za ku sha. Shafin da kuka yi rubutu a kai, kafin ku bar ɗakin ku yage shi ku jefa a akwatin da ake lalata takardu. Wurin tsayuwa ma kayan aiki ne: bayan kafaɗar mai ciki, ɗan gefe kaɗan, don ta riƙa kallon nas ba ku ba. Kuma da bakinta za ku yi magana. In ta ce bayanta na ciwo, ba za ku ce "ta ce bayanta na ciwo" ba, za ku ce "bayana na ciwo." Kafin a fara komai akwai magana guda da ake faɗa wa kowa, da Hausa da Turanci: duk abin da aka furta a ɗakin nan zan juya shi, ba ragi ba ƙari, kuma duk abin da na ji, a nan zan bar shi.

Wadda ta koya mini ita ce Mama Rahila, mutuniyar Filato, wadda ta yi aikin ungozoma a gida shekaru da yawa kafin ta biyo ɗanta nan. Wata shida na yi ina bin ta ɗaki ɗaki. Ba ta faɗa a gaban mutane, sai mun fito ta ja ni wajen injin shayi ta wanke ni tas. Aikina na farko ni kaɗai, wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce zuciyarta na tashi. Don rawar jiki na ɗauki maganar kalma kalma na miƙa wa nas, sai ga shi an gunguro na'urar gwajin zuciya ana manna wa matar wayoyi a ƙirji, alhali amai kawai take ji. Mama Rahila ta yi dariya har da riƙe bango, ta yi shekara tana kirana likitan zuciya. A wurin matan Nijar na koyi cewa tansiyo hawan jini ne, fikir kuma allura. A wurin 'yan Ghana na koyi rage gudun baki. Waɗannan duk masu sauƙi ne, kuskure ne da ake ganinsa nan take a gyara.

Wanda ba a gani shi ne na tambayar giya. A awon farko nas tana da jerin tambayoyi, kuma a ciki akwai wannan: ko mai cikin tana shan wani abu mai barasa. Ni 'yar Zariya ce, an yi mini tarbiyyar da ko sunan abin ba a kamawa a gaban manya. In na dubi mace da hijabinta har ƙasa, ko matar da na san mijinta dattijo ne a coci, sai kunya ta rufe ni. Sai in yi 'yar dariya in ce, "Ba kya shan giya dai ko?" Ita ma ta yi dariya ta ce Allah ya kiyaye, a wuce. Mama Rahila ta ji ni sau ɗaya, ta ja ni wajen injin shayin nan.

"Hajara, kin yi tambaya kuma kin amsa. To ita me ya rage mata?"

Na gyara, ko in ce na ɗauka na gyara. Na daina dariyar, na koma cewa "Kina shan giya?" a miƙe. Na yi shekaru a haka ina ganin na gama da wannan darasi.

Sai shekarar korona ta zo, wadda ita ce mafi muni a aikina. Aka hana mu shiga asibiti, aka mayar da mu waya. Ina zaune a teburin kicin ɗina da abin sauraro a kunne, ana haɗa ni da ɗakin da ba na gani. Ku da kuke ganin aikin na kunne ne, ku sani rabinsa na ido ne. Mace za ta ce "lafiya lau" tana murza bakin zaninta, wannan murzawar ita ce maganar. A waya babu ita. A shekarar ce kuma Mama Rahila ta ajiye aiki, ta koma gidan ɗanta a Pleasant Garden tana noman alayyafo da kuɓewa a bayan gida.

A cikin wannan hali aka haɗa ni da wata yarinya da zan kira Rifkatu. Ba sunanta ba ne, kuma da izininta nake ba ku wannan labari. 'Yar kudancin Kaduna ce, cikinta na fari, ba ta cika shekara da zuwa ba. Mijinta direban tirela ne, yakan yi sati biyu ko uku a hanya. Suna haya a wani ƙaramin gida a unguwar Glenwood, maƙwabtanta duk ɗalibai ne, su ma sun watse da aka rufe makaranta. Cocin da suka fara zuwa a East Greensboro an rufe shi kafin ta san sunan mutum biyar. Duk wannan daga baya na sani. A waya abin da na sani kawai murya ce mai ladabi da ke amsa komai da "to, Anti." Na yi mata tambayar a miƙe, kina shan giya, ta ce a'a, ita ba ta shan giya. Nas ta rubuta. Awo uku muka yi a waya, wata uku ke nan, ba a sake tayar da maganar ba.

Cikinta na wata biyar aka bar mu muka dawo, da takunkumi a fuska. Ranar na fara ganin ta: doguwa, siririya, ta yi kwalliya kamar mai zuwa biki, don awon nan shi ne kaɗai fitar da take yi. Nas ɗin ranar wata dattijuwa ce baƙar fata, 'yar nan garin, mai sanyin magana. Ta duba sakamakon gwaji ta ce jinin Rifkatu ya yi ƙasa, za a ƙara mata ƙwayoyi. Na juya. Sai Rifkatu ta waiwayo ta kafaɗarta, ta rage murya.

"Anti, ai ina shan na ƙarin jini na gida ma. Amma kar ki faɗa mata, su ba su san irin namu ba."

Da a waya ne da ba ta faɗa ba, don ba a yi wa waya raɗa. Na ce wa nas ina neman izini in fayyace wata kalma, wanda aiki ya yarda da shi, sannan na tambayi Rifkatu wane irin magani ne. Ta ce baƙar kwalbar nan ce mai ɗaci, a haɗa da madarar gwangwani. Gwaggonta ce ta gaya mata a waya daga gida, ta ce ita da shi ta haifi 'ya'ya shida. Tun cikin yana wata biyu take sha, kwalba ɗaya da yamma. Kwanan nan yakan kai biyu, don in ta sha gidan yana rage mata faɗi.

Na san kwalbar. Kowa ya san ta. Na ce mata, Rifkatu, ai wannan giya ce. Ta dube ni da mamaki na gaskiya, ta ce a'a, giya ai ita ce ta 'yan mashaya, wadda ake sha a yi tangaɗi, wannan da madara ake haɗawa, magani ne. A nan na gane abin da na yi. Ba ƙarya ta yi mini a waya ba. Kalmar nas ta haɗa duk abin da ke da barasa a ciki, ko me ake kiran sa. Kalmar da na zaɓa kuwa ta kawo mata hoton mashayi kwance a bakin kwata, ta duba ta ga ba ita ba ce, ta ce a'a. Wata uku yaron cikinta yana shan abin nan saboda kalma ɗaya tawa. Ban taɓa jin kunyar aikina irin ta ranar ba.

Nas tana jira, tana kallon mu. Rifkatu ta fara roƙo da sauri: in an sani za a ƙwace mata ɗan in ta haihu, haka ta ji ana faɗa, mijinta zai ji, mutanen coci za su ji, a ce amaryar da aka kawo 'yar giya ce. Ga ni kuma Bahaushiya mai zuwa kowane suna da kowane biki a garin nan. Kada ku raina wannan tsoron. Mu nan ba mu da yawa, kowa ya san motar kowa. Matan da yawa sun fi tsoron tafinta a kan likita, don likita ba za ta haɗu da su a wajen cin tuwon suna ba.

Na tuna mata abin da na faɗa da farko, cewa komai zan juya, kuma komai a ɗakin zan bar shi. Na ce ba zan iya ɓoyewa ba, amma na fi so ya fito daga bakinta. Sannan ta juya ta fuskanci nas ta fara magana da Hausa, ni kuma a bayanta, da hijabina da carbina a jaka, na buɗe baki da Turanci na ce, "Ina shan kwalba ɗaya, wani lokaci biyu, kowace yamma."

Na ga nas iri iri, wannan ta san aikinta. Ba ta zaro ido ba. Ta ajiye biro, ta jawo kujera kusa, ta yi wa Rifkatu godiya da ta faɗa. Ta ce ba wanda ya zo ƙwace mata ɗa, taimako za a yi. Ta bayyana mata cewa abin da uwa ta sha yana isa ga ɗan, madara ba ta kashe barasar da ke ciki, kuma ba a san wani adadi da za a ce ba ya cutarwa ba. Ta ce ba za ta yi mata alkawarin cewa ba abin da ya taɓa yaron ba, amma duk ranar da aka daina, yaron ya ci riba daga ranar. Ta tambaye ta ko hannunta na rawa in ba ta sha ba, don in haka ne ba a dainawa kai tsaye sai da likita. Rifkatu ta ce a'a. Sai nas ta yi wata tambaya da ba ta cikin takarda: da wa take cin abinci?

Rifkatu ta ce, "Da talabijin." Ta so ta yi dariya, sai kuka ya zo a maimakonta.

To a nan aikin tafinta ya ƙare, bisa ƙa'ida. Ba a bin mai ciki gida, ba a karɓar lambarta, ba a zama ƙawarta. Ƙa'idar tana da dalili, kuma ina so ku riƙe ta. Asibiti ya haɗa ta da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, aka ba ta takardu da lambar wata ƙungiya da ke taro ta bidiyo, duk da Turanci. Na san takardun nan a kan firji za su ƙare. Sai na nemi izinin nas, a gabanta, na tambayi Rifkatu ko ta yarda in gaya wa wata dattijuwa abu ɗaya tak: akwai yarinya mai ciki a Glenwood da ba ta da kowa. Ban da kwalba, ban da komai. Ta ce ta yarda.

Mama Rahila ba ta tambaye ni komai ba. Ungozoma ce, ta san in tafinta ta kira ta da rabin magana, sauran rabin ba nata ba ne. Washegari ta sa ɗanta ya kawo ta da kular tuwo da miyar alayyafo daga gonarta. Ta zauna a kujerar roba a baranda, Rifkatu na daga bakin ƙofa, suka ci tare da tazara a tsakani. A zuwa na uku Rifkatu ta gaya mata komai da kanta. Mama ta tambaye ta ƙarfe nawa abin yake taso mata, ta ce wajen biyar na yamma, lokacin da a gida ake hura wuta, yara na dawowa, tsakar gida na cika. Mama ta ce to, ƙarfe biyar ɗin za a tsare.

Haka aka yi. Ta haɗa mata shida: uku daga cocinsu, biyu 'yan Damagaram da suka san ta tun tana yi musu tafinta a wajen awo, da wata 'yar Kumasi mai kitso. Ba wadda aka gaya wa dalili, an dai ce yarinya ce mai cikin fari, uwarta na nesa. Kowace da ranarta. Mai mota ta zo ƙarfe biyar ta zauna a baranda, wadda aiki ya hana zuwa ta kira ta bidiyo ta jingina wayar a kicin suna girki tare. Hajiyar Damagaram ɗaya ta riƙa kawo kunun gyaɗa a fulas tana cewa wannan shi ne ƙarin jini na gaskiya, ba ta ma san inda maganarta take sauka ba. Ranar Lahadi ta Mama ce. Ni ba ni da rana. Ina ganin ta a ɗakin awo kawai, in muka haɗu a shagon kayan Afirka mu gaisa kamar kowa.

Ba zan ce muku abin ya tafi sumul ba. A wata na bakwai, wata ranar da aka yi ruwa mai zuwa ba ta zo ba, waya kuma ba ta shiga ba, ta sha. A awo na gaba, tun nas ba ta tambaya ba ta faɗa, na juya. Nas ta ce sau ɗaya a wata biyu ba daidai yake da kullum ba, a ci gaba. Daga nan Mama ta sa kowace rana ta zama da mutum biyu, in ɗaya ta makale ɗaya ta zo. Mijin kuma, da Rifkatu ta gaya masa, ashe shi yake sayo mata katan ɗin kafin ya tafi, shi ma a matsayin magani. Ya kwashe sauran ya zubar, ya nemi a mayar da shi hanyar kusa, ko da kuɗin ya ragu.

Ni ma na yi nawa gyaran. Na je wurin shugabar nas-nas na faɗi kuskurena da bakina, muka zauna muka sake tambayar. Yanzu ga yadda za ku yi ta, kuma ku haddace: akwai abin da kike sha mai barasa a ciki, ko giya, ko ruwan inabi, ko baƙar kwalba da madara, ko jiƙon magani na kwalba, ko da sunan magani ake sha? Kowa za ku yi wa, mai hijabi da mai gicciye a wuya, da murya ɗaya, ba dariya, ba neman gafara. Sannan ku rufe bakinku ku jira. Tun da muka canza, mata nawa ne suka yi jim suka ce, "Wane irin jiƙo?" ba zan faɗa muku ba, amma ba ɗaya ba ce, ba kuma daga addini ɗaya ba.

Rifkatu ta haifi mace, 'yar ƙarama amma da ƙarfinta. Likitar yara ta ce irin wannan ba a ganewa ranar haihuwa, sai yaro yana girma, don haka za a riƙa lura. Yarinyar ta yi jinkirin magana, aka sa ta a wurin masu koyar da furuci. Ko abin da aka sha ne ya jawo, ko gidan mai harshe uku ne, ba wanda ya iya cewa. Shekara huɗu Rifkatu tana ɗauke da wannan tambaya, ni ma ina ɗauke da wata ukuna.

Bara aka kira ni wani aiki a sashen yara, gwajin da ake yi wa yaro kafin ya shiga makaranta. Da na shiga sai na ga Rifkatu ce. Na yi mamaki, don ta daɗe da daina neman tafinta, har aiki take yi a wani gidan kula da tsofaffi. Na faɗi maganata ta farko kamar kullum, na tsaya a bayan kafaɗarta. Yarinyar tana ƙasa tana jera katakai, ana tambayar ta tana amsawa da Turanci, har tana gyara wa mai gwajin sunan wani launi. Aka yi kusan awa ɗaya. Sannan likitar ta rufe fayil ta ce ba kowane yaro ne yake fita haka ba, kuma za a sake dubawa in ta fara karatu, amma a yau yarinyar tana daidai da sa'o'inta a komai, maganar ma ta kamo.

Na buɗe baki zan juya. Rifkatu ta miƙo hannu ta baya ta riƙe nawa, ba ta ko waiwayo ba.

"Bar shi, Anti, na ji. In labari marar daɗi ne, na so in ji shi da Hausa, shi ya sa na ce a kira ki. Wannan na ji shi da kaina."

Na yage shafin littafina, ba komai a kai, na jefa a akwatin.